Iyakar da Ta Shigo Cikin Gida

Ranar da aka fara jifa a gidan Fidencio Gurule ba ta da wani bambanci da sauran ranakun kaka. Matarsa Rumalda tana kicin tana gasa gurasar masara, wake na tafasa, ƙanshin jan barkono ya cika gida. 'Yarsu Clorinda tana ɗakinta da littattafan makarantar jinya. Shi kuwa maigida yana zaune a sabuwar barandarsa, ya miƙe ƙafafu, yana kallon inuwar tsauni tana rarrafowa tana cinye kwarin, gona bayan gona. Aka buga ƙararrawar coci ta faɗuwar rana. Kafin amonta ya mutu, wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi ta gabas, ya gangaro a hankali, ya dire ƙasa.

Sai na biyu ta yamma. Sai kudu. Sai arewa. Daga nan shiru ya sauka, irin shirun da ko karnukan ƙauye ba su yarda su taɓa shi ba.

Fidencio ya zagaya gidan yana huci. Ya tsinci duwatsu huɗu, kowanne kamar dunƙulen hannu, da gansakuka a jikinsa.

"Aikin Goggo ne," ya ce da ya shigo. "Tun da aka fitar da sabuwar taswira take neman hanyar da za ta ci mutuncina."

Rumalda ba ta ɗago daga kan tanda ba. "Goggo Eduvigen shekararta tamanin da huɗu, tsoho. Kofin shayi ma da hannu biyu take ɗauka. In ita ta jefa dutse ya ƙetare gidan nan, gara mu je mu tambaye ta abin da take ci."

Ya kamata a faɗi abin da ke tsakaninsa da goggon tasa, don kowa a kwarin ya sani, ko da yake ba mai faɗa a gabansa. Fidencio safiyo ne mai lasisi, shekara ashirin da shida yana awon filaye. Da gunduma ta yanke shawarar kwashe tsofaffin takardun filaye ta zuba su cikin kwamfuta, shi aka ba aikin kwarin. Ya zo da sandar da ke magana da taurarin ɗan'adam, da ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi, ya yi a wata biyu abin da mutanen kwarin suka yi shekara ɗari biyu suna rigima a kansa. Ya sha faɗa a kanti cewa nan da shekara goma ba wanda zai ƙara taka gona don neman iyaka, a waya za a duba.

Gonarsa tana maƙwabtaka da ta ƙanwar babansa Liberato, wato Eduvigen, wadda ta auri mai gonar gefe, ya mutu ya bar ta da ita. Iyakar tana tsakanin alama biyu: giciyen da aka sassaƙa a jikin tsauni can bayan gidansa, da tarin duwatsu a bakin magudanar ruwan gari. Tsohuwar takarda ta ce gonar Gurule faɗinta vara ɗari, wato awon mutanen zamanin da, kowace vara kusan taku guda. Da ya auna da na'ura, vara ɗari ta wuce tarin duwatsun da taku goma sha ɗaya, ta haɗiye layin itatuwan tuffa na Goggo da mashigar ruwanta.

Ya san dalili sarai. Mutanen wancan zamani da igiyar fatar shanu suke awo, mai miƙewa in ta jiƙe, mai ƙanƙancewa in ta bushe, kuma ga alama ranar da suka yi nasu awon ba a yi ruwa ba. Ya kuma san ƙa'idar da ake koya wa kowane safiyo tun shekararsa ta farko: in lamba da alama suka saɓa, alama ce da gaskiya. Saboda haka wata Lahadi, mutane suna coci, ya je da a-kori-kura ya kwashe duwatsun, ya warware saɓanin. Ya rubuta a rahoto cewa ba a sami alama ba, ya buga hatiminsa. Da yake kuma mutum ne da ba ya son ɓarna, sai ya gina gindin barandarsa da duwatsun.

Washegarin jifan farko, da ƙararrawa, duwatsu huɗu suka sake sauka, gabas, yamma, kudu, arewa. Da Rumalda ta buɗe ƙofa sai ta ga ciyawa an tuge ta da saiwarta, damƙi-damƙi, an zube a bakin ƙofa. Fidencio ya kafa kyamara a kowace kusurwa, ya tashi jirginsa yana shawagi a kan gidan. Hotunan sun fito tangaram. Sun nuna saukar kowane dutse. Tashinsa ne dai ba su nuna ba, abin da Fidencio ya kira matsalar haske.

A rana ta uku, bayan jifan, wata murya ta tashi daga ƙarƙashin baranda. Muryar tsoho ce, busasshiya, ba gaggawa a cikinta.

"Ran sarki ya daɗe!"

Sau uku ta faɗa. Rabon ƙasar nan da sarki ya haura shekara ɗari biyu, amma ba wanda ya fita ya sanar da mai muryar.

A rana ta huɗu ba a yi jifa ba. Suna zaune za su ci abinci, hasken taga ya koma ja, sai Clorinda ta ajiye cokali. Ta tashi ta buɗe murhu, ta ɗauko gawayi da hannu, ta tafi bangon baya ta durƙusa. Ta ja layi a ƙasa, miƙaƙƙe kamar da zare aka ɗaure shi. Ya ratsa kicin, ya hau kan tebur tsakanin kwanon uwarta da na ubanta, ya sauka, ya fita ta ƙofa, ya ƙare a gindin ginshiƙin baranda. Ɗakinta ya faɗa a wancan gefen. Ta shiga ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, idonta a buɗe.

"Clorinda, tashi ki goge wannan shirmen," in ji ubanta.

Ba ta dube shi ba. Ya ƙetara ya kama hannunta ya ja. Yarinyar da yake ɗagawa da hannu ɗaya tana ƙarama, yau kamar an dasa ta. Ya kira maƙwabta biyu, ƙatti, suka kinkime ta da ƙyar har bakin layin. Nan numfashinta ya tsaya, leɓɓanta suka yi baƙi, sai da suka mayar da ita ya dawo. Duk abincin da aka miƙa mata ta kan layin ba ta taɓa shi. Ruwa kaɗai take kurɓa, shi ma sai Rumalda ta zagaya ta miƙa ta taga.

Likita ya zo daga birni, ya auna ta, ya ce gajiyar karatu ce, a bar ta ta huta. Hutawar kuwa tana yi, don ko motsi ba ta yi. Kwana biyar ba loma. Wuyan hannunta ya koma kamar kara.

A rana ta shidan Rumalda ta ɗauki makullin mota.

"Ina za ki?"

"Wurin Doña Sinforosa."

"Mai maganin nan da ke shafa wa mutane ƙwai? A gidana? Ni da na yi jami'a?"

"Jami'ar ta zo ta ba 'yarka abinci mana!" Ta juyo, idonta jawur. "Shekara ashirin da biyu ina jin ka kana gyara wa mutane magana, Fidencio. Ka gyara wa fadan coci, ka gyara wa likita, ka gyara wa matattu awonsu. Yau ka yi mini shiru. Ko da kalma ɗaya ka tare ni, wallahi ta kanka zan bi da motar nan."

Doña Sinforosa Valdez ba ƙwai kaɗai ta sani ba. Shekara talatin ta yi a ofishin rajistar filaye, ita ce mai karanta tsohon rubutun hannu da ba wanda ke iya warwarewa, har ranar da aka kawo injin ɗaukar hoton takardu aka yi mata walimar sallama da kek. Magani kuwa a wurin kakarta ta gada. Ta iso da la'asar sakaliya, 'yar ƙaramar tsohuwa da baƙin mayafi da jakar ganye. Ta saurari Rumalda har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Duwatsu huɗu, kusurwa huɗu?"

"E, Doña."

"Ciyawa da saiwarta? Kirarin sarki sau uku?" Ta gyaɗa kai. "Ba tsoratar da ku ake yi ba, 'yata. Mallaka ake karɓa. Haka ake yi a zamanin sarki, na karanta shi ya fi sau ɗari. Alƙali ya kama hannun mutum ya zagaya da shi gonar, mutumin ya jefa duwatsu kusurwa huɗu, ya tuge ciyawa, ya yi wa sarki addu'a sau uku. In ba wanda ya fito ya ce bai yarda ba, ƙasa ta zama tasa. Kun fito kun ce ba ku yarda ba?"

"Kyamara ya kafa," in ji Rumalda.

Tsohuwar ta juya ga Fidencio. "Ɗan Liberato, ina tarin duwatsun bakin magudana?"

"Ba a sami alama ba. Yana cikin rahoto."

"Na ga rahoton." Ta sunkuyar da kai ta dubi gindin barandar da suke tsaye a kai, ta daɗe tana dubawa. "Gini ya yi kyau," ta ce.

Rana ta kai bakin tsauni. Doña Sinforosa ta kunna kyandir, ta sa turare a kasko, ta ajiye ƙaramin giciye a kan layin gawayi daidai ƙofar ɗakin Clorinda. Ta cire takalmanta ta zauna a wannan gefen, ta yi addu'a ƙasa-ƙasa har aka buga ƙararrawa. Hayaƙin turaren ya tashi, ya kai kan layin, ya tsaya cak kamar ya ci karo da gilashi.

"Da sunan Wanda ya yi ka ya yi mu," ta ce, "wane ne a nan?"

Bakin Clorinda ya buɗe. Muryar da ta fito ita ce ta ƙarƙashin baranda.

"Shaida."

"Shaidar me?"

"Ranar da aka tara duwatsun nan an binne gawayi da fasasshiyar tukunya a ƙasansu. Alƙali ya ce, wa zai tsaya shaida bayan mun mutu? Ba wanda ya amsa. Ina wurin, sai na amsa."

"Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Kawo ni aka yi. A bayan mota." Kan yarinyar ya juya a hankali har idonta ya sauka a kan ubanta. "Tambayi mai hatimi. In lamba da alama suka saɓa, wa ke da gaskiya?"

Fidencio ya ji jini ya hau masa ka. "Ba zan tsaya ina muhawarar aiki da ciwon..."

"Amsa masa," in ji Rumalda.

"Alama," ya ce.

"To. Daga giciyen tsauni zuwa tarin duwatsu, nan iyaka take. Giciye bai motsa ba. Duwatsu ga su a gindin ginshiƙinka. Ni ban ƙara ko yatsa ba, na ja layi ne kawai. Abin da ya faɗo wannan gefe, da itacensa da ruwansa da mai numfashi a cikinsa, ya fita daga hannunka. Na yi jifa, na tuge ciyawa, na yi kirari. Ba wanda ya musa."

"Shaida aka sa ka," in ji Doña Sinforosa, "ba magaji ba. Yaushe shaida ya fara cin gado?"

"Ranar da aka rubuta ba a same shi ba!" Muryar ta tashi har kwanukan kicin suka amsa. "Shekara ɗari biyu da ɗoriya ina zaune a bakin magudanar nan. Ƙanƙara ta rufe ni, ambaliya ta bi ta kaina, shanu sun yi mini abin da shanu ke yi. Tuta uku na gani a kwarin nan, kowace ta zo da takardunta ta ce na baya ƙarya ne. Ɓera ya ci wasu, gobara ta ci wasu, lauyoyi suka ci sauran. Duk wanda ya rasa gaskiya wurina yake dawowa. Yau kun zuba iyakokinku cikin akwatin da ke mutuwa in an ɗauke wuta, wanda mutum ɗaya zai gyara da yatsa ɗaya yana shan kofi, kuma wannan yaron, da na ga ranar da ya faɗa magudana ba wando, shi ne zai rubuta ba a same ni ba?"

Kyandir ya yi ƙasa ya sake tashi.

"An zalunce ka," tsohuwar ta ce a hankali. "Ban musa ba. Amma yarinyar ba ta ɗauki dutse ko ɗaya ba. Faɗi abin da za ka karɓa."

"Hannun da ya buga hatimin."

"Ba za ka samu ba. Da wane hannu zai mayar da kai?"

"To idon da ya gan ni ya ce bai gani ba."

"Shi ma a'a. Ba mahauta muka zo ba. Yi magana irin ta shaida."

Ƙirjin Clorinda yana hawa yana sauka da ƙyar.

"Abu biyu," muryar ta ce. "Ya je inda ya rubuta ƙarya ya rubuta gaskiya, da sunansa, da hatiminsa. Sannan ya mayar da ni. Ba mota, ba baro, ba mai taya shi. A ƙirjinsa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙararrawar gobe. In dutse ɗaya ya kwana a gidan nan, yarinya ta kwana a wurina, kuma ba na jin tana da kwana da yawa."

"Kai kuma ka bar ta, ka bar gidan, ba ka ƙara ƙetare bakin magudana," in ji Doña Sinforosa.

"Ni da ma ban taɓa son yawo ba."

Fidencio ya matso. "Doña, kin san abin da wannan ke nufi. In na rubuta na ɗauke alama da hannuna, lasisina ya tafi. Shekara ashirin da shida! A ce kuskuren na'ura ne mana, sakamakon ai ɗaya ne."

Rumalda ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. "Dubi wuyan hannunta," ta ce. "Dube shi da kyau, sannan ka sake faɗa mini shekara nawa."

Da safe yana ƙofar ofishin rajista kafin a buɗe. Ma'aikaciyar ta buɗo taswirar a kwamfuta, ta ce ya zaɓi dalilin gyara: kuskuren rubutu, kuskuren na'ura, ko sabon bayani.

"Rubuta na ɗauke alamar, na yi ƙarya."

"Yallaɓai, babu wannan a jerin."

"To ba ni takarda da biro."

Ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya bar mata hatimin a kan tebur don ya rage wa hukuma wahalar aiko masa da wasiƙa.

Kafin azahar ya sa diga a barandar. Simintin da ya yi alfahari da shi bai ba shi kunya ba, kowane dutse sai da ya ci masa fata kafin ya fito. Daga gidan zuwa bakin magudana taku ɗari uku ne da wani abu. Mutanen ƙauye, waɗanda suka tuna a ranar cewa duk suna da aiki a wannan hanyar, suka jeru a jikin shinge. Ba wanda ya taya shi, ba wanda ya yi dariya da ƙarfi.

Goggo Eduvigen ta sa aka kawo mata kujera ƙarƙashin itacen tuffa. Wata biyar ba ta yi masa magana ba. Da ya iso da dutsen farko yana dube-duben inda zai ajiye, sai ta nuna da sandarta.

"Tona nan."

Ya tona da hannu. Kamu ɗaya a ƙasa, ga gawayi, ga guntayen tukunya.

"Ina na'urar taka, ɗan Liberato? Ko ba ta jin ƙanshin gawayi?"

"Goggo, ki yi haƙuri."

"Haƙuri na gaba. Ɗauko na biyu."

Ya yi ta kai da kawowa. Rigarsa ta yage, hannuwansa suka fashe. Inuwar tsauni ta taso ta cinye gonar farko, ta cinye ta biyu. Da ta taɓa bakin magudana saura dutse ɗaya, mafi girma, wanda ya zaɓa da kansa ya ɗora ginshiƙin da ke riƙe da rufin baranda a kansa. Ya tsaya yana dubansa. Da akwai lokaci da ya tokare rufin da katako ya zare shi a tsanake, kamar mai ilimi. Ya hango mai kaɗa ƙararrawa ya fito daga gidansa ya nufi coci.

Ya ɗaga diga ya sauke da duk fushin da ya rage masa. A bugu na huɗu ginshiƙin ya goce. Rufin ya yi ƙara, ya sunkuya, ya zube gaba ɗaya, kwano da katako da igiyoyin barkonon da Rumalda ta shanya. Ya kutsa cikin ƙura ya rungumo dutsen. Bai san yadda ya yi taku ɗari ukun nan ba. Ya dai san ya faɗi a kan gwiwa a gaban tarin, ya ɗora shi, sai Goggo ta ce, "Juya shi, fuskarsa gabas take kallo," ya juya.

Aka buga ƙararrawa.

Wani dogon numfashi ya fito daga cikin duwatsun, irin na wanda ya dawo daga tafiyar da bai so ba ya sami shimfiɗarsa. Ganyen tuffa ya motsa sau ɗaya. Can nesa wani kare ya yi haushi, wani ya amsa masa.

Ya dawo gida yana jan ƙafa, bai yarda ya yi gudu ba don yana tsoron abin da zai tarar. Doña Sinforosa tana zaune a kan guntun katako tana sa takalmanta. A bakin ƙofa, bayan tarkacen, Clorinda ce tsaye, ta dafa kafaɗar uwarta, ƙafarta ɗaya a kan layin gawayi ta murje shi ba ta ma sani ba. Gurasa ce a hannunta, ta ci rabi. Ta dubi rufin da ke ƙasa, ta dubi hannuwan ubanta.

"Baba," ta ce da muryarta, siririya, "wa ya yi mana wannan ɓarnar?"

Ya buɗe baki. Bayani iri-iri suka zo masa, kowanne da hujjarsa, don mutum ne da bai taɓa rasa bayani ba.

"Ni ne," ya ce.

"Duka?"

"Duka."

Ta gama taunawa. Sannan ta gutsuri gurasar ta miƙa masa ta kan tarkacen, ya matso ya karɓa.